3.4 Aikin Sinadaran Fituwitari a Jinin Dabbobi Lokacin Bazara a Ƙasar Babura

A ƙasar Babura da maƙwabtanta irin su Kazaure da Roni da Gwiwa, ruwan sama ba ya wuce wata huɗu a shekara. Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, ciyawa takan ƙare, tafkuna su ƙafe, dabbobi su koma kan kara da ƙaiƙayi. A wannan sashe za a duba yadda jikin dabba yake jure wannan hali.

Fituwitari wata 'yar tsoka ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda a jikin akuya girmanta bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Aikinta shi ne zuba sinadaran da masana ke kira homon a cikin jini, su kuma su isar da umarni ga sauran gaɓoɓi.

Idan dabba ta wuni ba ta sha ruwa ba, gishirin jininta yakan yi yawa. Sai fituwitari ta saki homon mai suna basofiresin, wanda yake sa ƙoda ta mayar da ruwa cikin jini. Wannan ne ya sa fitsarin dabba yake raguwa ya kuma yi duhu da bazara.

Sha'anin yunwa ya fi wannan sarƙaƙiya. Masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, ba sa samun sukari sosai daga abin da suka ci, hanta ce take haɗa musu mafi yawansa. Da abinci ya yi ƙaranci, homon na girma yakan ƙaru a cikin jini, ya sa a narkar da kitsen da aka ajiye domin a tanadi ɗan sukarin da ya rage. Haka kuma akwai wani homon da yake zaburar da tsokar saman ƙoda ta fitar da kotisol, shi kuwa kotisol naman jiki yake rushewa domin hanta ta mayar da shi sukari. Makiyayi ba ya ganin jini, amma yana ganin tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito. Masanin da ya yi fice wajen tabbatar da alaƙar fituwitari da sukarin jini shi ne Bernardo Houssay na ƙasar Ajantina. Ya nuna cewa ciwon sukari yakan yi sauƙi a jikin karen da aka cire wa fituwitari, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1947.

Sai dai wannan tsari yana da iyaka, kuma akuya ko tunkiya mai cikin tagwaye ce ta fi gamuwa da iyakar. Cikinta kimanin kwana 150 ne, 'ya'yan kuwa sun fi girma a makonni 6 na ƙarshe. In wannan lokaci ya faɗo cikin bazara, kitse yakan taru a hanta fiye da yadda za ta iya sarrafawa, sai wasu sinadarai masu tsami da ake kira kiton su cika jini. Akuyar takan ƙi kiwo, ta ware daga garke, ta riƙa cizon haƙora, daga nan ta kwanta. Sau da yawa akan rasa ta tare da 'ya'yan. A gidajen karkara inda akuya ita ce asusun mace, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Saboda haka harawa da dusar da aka ɓoye tun kaka, masu tsohon ciki ne suka fi cancanta da su, kafin a kai ga ragon turke.