2.3 Ma'anar Kinaya da Asalinta

Kinaya na ɗaya daga cikin rassan adon harshe, inda mai magana zai ƙi ambaton abu kai tsaye, sai ya kawo wani abin da ba ya rabuwa da shi, mai sauraro ya gano manufa da kansa. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, kuma saiwarta ɗaya ce da ta kalmar "alkunya". Ma'anar saiwar ita ce sakaya suna. Malaman balaga irin su Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, sun yi mata bayani mai faɗi. Sanannen misalinsu shi ne a ce wane yana da yawan toka, ana nufin mai kyauta ne, domin yawan toka na nuna yawan girki, yawan girki kuwa na nuna yawan baƙi. Ta hanyar karatun zaure, inda ake karanta littattafai kamar Uƙudul Juman na Suyuɗi, kalmar ta shigo Hausa.

To amma mai wannan bincike na ganin cewa sunan kawai aka aro, aikin kuwa na gida ne. A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, matar da ba ta taɓa jin sunan balaga ba tana kiran mijinta "maigida", tana sakaya sunan ɗanta na fari, idan dare ya yi kuma ta ce wa maciji "igiyar ƙasa". Idan an yi rasuwa a ce mutum ya kwanta dama. Haka abin yake a fada. Talaka ba ya kiran sunan yanka na sarki, sai ya ce Sarkin Zamfara a Anka, ko Sarkin Mafara a Gummi, ko Sarkin Danko a Bukkuyum. Ke nan kunya da ladabi da tsoro su ne suka haifi wannan salo a wajen Bahaushe.

Ya kamata a lura da wani bambanci da ɗalibai kan yi tuntuɓe a kansa. Idan makaɗi ya kira sarki giwa, siffantawa ce, domin ba mai ɗaukar sarki a matsayin dabba. A kinaya kuwa ma'anar zahiri na iya tsayawa tare da ta ɓoye: wanda aka ce murhun gidansa ba ya sanyi, mai yiwuwa ne da gaske wuta ba ta mutuwa a gidan. Wannan ma'auni shi za a yi amfani da shi wajen tantance misalan babi na huɗu.