Katanga, ruwa da takardar fili: kuɗin ƙwallon 'yan mata a Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ranar 26 ga Yuli, 2025, ƙungiyar ƙwallon mata ta Najeriya, Super Falcons, ta doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat, ta ɗauki kofin mata na Afirka karo na goma, kuma bayan dawowarta gida Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar kwatankwacin dala 100,000 da gida ga kowace 'yar wasa. Irin wannan labari yana isa ƙauye ta rediyo da wayar hannu kamar yadda yake isa birni, kuma yana ƙara wa yarinyar da ke buga ƙwallo a filin makaranta ƙwarin gwiwa. Sai dai dukiyar da ke cikin wasan ta taru ne a sama, wajen ƙungiyar ƙasa da manyan kulob irin su Nasarawa Amazons da ke Lafiya, alhali inda ake renon yara, a ƙananan hukumomi irin su Ikara, Maƙarfi da Kudan a ƙasar Zazzau, aikin yana hannun masu sa-kai, wato mutanen da ke horar da yara ba tare da albashi ba, kamar malaman motsa jiki da tsofaffin 'yan wasa.

Tallafin da ya fi saurin samuwa a wannan mataki shi ne na lokaci ɗaya: riguna, ƙwallaye da kofin gasa mai ɗauke da sunan wanda ya saka shi. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, domin ɗan siyasa ko attajirin da ya ba da riguna yana ganin sakamakon kyautarsa a ranar, da taro da hoto, amma wanda ya biya kuɗin tonon rijiya ko gina makewayi ba ya samun irin wannan shaida. Sakamakon shi ne kulob yakan rayu muddin gasa tana gudana, sannan ya watse idan riguna suka tsufa ko zaɓe ya wuce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin motar da za ta kai yara wasa Zariya ko Kaduna ya zama nauyin da aljihun mai horarwa ba ya iya ɗauka.

A nan ne bambancin maza da mata yake fitowa, kuma shi ne abin da masu ba da tallafi suka fi yin sakaci da shi. Samari suna iya kafa duwatsu biyu a kowane fegi su fara wasa, su sauya riga a gindin bishiya, su dawo gida bayan magariba ba wanda ya tambaye su. Yarinyar da ta fara girma ba ta da wannan dama, kuma uban da ya hana ta zuwa buɗaɗɗen fili inda 'yan kallo ke taruwa ba lallai ne yana gaba da wasan ba, sau da yawa mutuncinta da tsaronta yake dubawa. Batun sutura ya riga ya yi sauƙi, tun da hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta duniya ta halatta rufe kai a 2014, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Kofin Duniya na 2023 da hijabi. Abin da ya rage na gini ne: katangar da za ta tsare filin daga idon masu wucewa, ɗakin sauya tufafi mai ƙofa, makewayi da ruwa, musamman ga masu jinin al'ada, da kuma mace mai kula da yaran wadda iyaye suka sani. Ko lokacin horo ma yana da alaƙa da kusancin fili, domin yammacin yawancin 'yan mata na Islamiyya ne da aikin gida, wasu kuma da talla, don haka filin da sai an hau babur kafin a kai gare shi kamar babu shi ne.

Samun filin kansa yana da wuya a wannan yanki fiye da yadda baƙo zai zata. Ƙasa ce ta noma mai daraja, inda raken Maƙarfi da Kudan da tumatirin Ikara suka yi suna, kuma noman rani ya sa fadama ba ta hutawa, yayin da garuruwa irin su Hunƙuyi ke faɗaɗa ana yanka filaye. Filin da mai unguwa ko mai gona ya ara da baki yana iya komawa fuloti a cikin shekara guda, kuma babu mai hankalin da zai zuba siminti a ƙasar da ba ta da takarda. Doka kuwa ta ba ƙaramar hukuma hurumi a nan, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da wuraren shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye cikin ayyukanta. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya ƙara hujjar neman wannan aiki a wurinsu, ko da yake albashi, asibitoci da hanyoyi za su ci gaba da shan gaban wasanni a kasafi.

Kuɗin da ke zuwa daga waje ma ba ya sauka ƙasa da sauƙi. Shirin FIFA Forward, wanda aka fara a 2016, yana bi ta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ne, kuma kulob da ba shi da rajista ko asusun banki ba shi da ƙofar shiga. Wanda ya fi kusa da wannan buƙata shi ne AGILE, shirin ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, wanda Kaduna ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga. Ba shirin wasanni ba ne, amma yana gina azuzuwa da makewayi tare da samar da ruwa a makarantun sakandare ta hannun kwamitocin kula da makarantu, waɗanda iyaye da shugabannin gari ke ciki.

Saboda haka hanya mafi arha kuma mafi ɗorewa ita ce kulob ya jingina da makarantar 'yan mata, bisa rubutacciyar yarjejeniya da shugabar makaranta da kwamitin, maimakon neman sabon fili. Ƙasar tana da mai ita, iyaye sun riga sun amince da wurin, kuma duk katanga ko famfon da aka samar zai amfani ɗaruruwan ɗalibai da ba sa buga ƙwallo, abin da ke sauƙaƙa roƙon ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan kasuwar rake. Tsarin yana da tasa illar, domin yana iya barin yarinyar da ba ta makaranta a waje, kuma sauyin shugabar makaranta yana iya rufe ƙofa idan yarjejeniyar ba ta kai ofishin ilimi na shiyya ba. Haka kuma gini ba ya kula da kansa: gyaran famfo, share ciyawa bayan damina da ɗan alawus na mai kula da yaran kuɗi ne na kowane wata, kuma wannan kason ne ya dace da karo-karon iyaye da adashin mata, da sharaɗin a riƙa rubuta shiga da fita ana karantawa a gaban taro.