Yadda Inuwit suka horar da malaman makaranta daga cikin ƴaƴansu

A can ƙuryar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan watannin shekara, akwai wata al'umma mai suna Inuwit, wadda Turawa suka daɗe suna kira Eskimo. Asalinsu mafarauta ne da masunta, mazauna tsibirin Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Tarihin makarantunsu ya tabbatar da cewa harshen da yaro zai yi karatu da shi yana hannun malamin da ke tsaye gaban allo.

Girinlan ce ta riga sauran. A shekara ta 1845 hukumar ƙasar Danmak, mai mulkin tsibirin, ta kafa makarantu biyu na horon malamai, ɗaya a Nuk, ɗaya a Ilulisat. Samarin da suka sauke karatu a can akan tura su ƙauyukan bakin teku, su jagoranci ibada a majami'a, su kuma koya wa yara karatu da rubutu cikin harshen gida. Ɗaya daga cikinsu, Rasmus Berthelsen, shi ne ya fara shugabancin jaridar Atuagagdliutit, wadda ta soma fitowa cikin harshen ƙasar a 1861.

A Kanada kuwa an bi wata hanya dabam. Tun ƙarni na 19 masu wa'azin Kirista suka kai wa Inuwit wani rubutu na alamomi, iyaye suka riƙa koya wa ƴaƴansu shi cikin bukkoki. Amma da gwamnati ta buɗe makarantunta a wajajen 1950, sai ta kawo malamai daga kudancin ƙasar, masu koyarwa da Ingilishi kaɗai. Yara da yawa aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, kamar ta Chesterfield Inlet, aka hana su magana da harshensu. Sai a 2008 gwamnatin Kanada ta nemi gafara bisa wannan.

Galibin baƙin malaman nan ba su jin Inuktitut, kuma ba su daɗewa suke komawa gida. Saboda haka aka ɗauki ƴan ƙasa, yawancinsu mata, su taimaka cikin aji. Su ne ke fassara, su ne ke rarrashin yaro, amma ba su da takardar shaidar malanta.

Daga cikin waɗannan mataimaka aka sami malaman farko. A 1968 aka fara horar da malamai ƴan ƙasa a yankin Arewa maso Yamma. A 1975 yarjejeniyar da Inuwit na arewacin Kebek suka sa wa hannu tare da gwamnati ta ba su hukumar makarantu tasu mai suna Kativik, wadda ta haɗa kai da Jami'ar McGill ta birnin Montreyal. Dabarar ita ce, malama ba ta barin garinta na shekaru: tana koyarwa cikin ajinta, lokaci lokaci ta tafi kwas na ɗan gajeren zango, ana ba da darussan da Inuktitut. Waɗanda suka gama sukan dawo su horar da na baya. A 1979 aka buɗe wani shirin horon malamai a garin Ikaluwit, shi ma ya ƙulla zumunci da McGill a 1981.

Duk da haka, aikin bai kammala ba. Bayan an kafa yankin Nunabut a 1999, majalisarsa ta yi dokar ilimi a 2008, wadda ta ce kafin ƙarshen 2019 a riƙa koyarwa da harsuna biyu tun daga ajin farko har ƙarshen sakandare. Wa'adin ya cika ba a kai ga buri ba, babban dalili kuwa shi ne ƙarancin malamai masu jin harshen. A 2020 aka gyara dokar, aka ɗage wa'adin har zuwa 2039. Majalisa kan zartar da doka cikin zama ɗaya, amma kafin malami guda ya ƙware sai an yi shekaru ana horonsa.