Yunwar Dare: Me Ya Sa Take Rusa Shirin Rage Ƙiba, Kuma Yaya Za Ka Yi Da Ita?

Ka tashi da safe da niyya mai ƙarfi. Ka sha shayi ba suga, ka kau da kai daga burodi. Da rana ka ɗan taɓa shinkafa, da magariba ka ci rabin malmalar tuwo ka ture kwano. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, kana kwance da waya a hannu, ciki ya fara kiran ciroma. Kafin ka ankara kana zaune a bencin mai shayi ka ce a haɗa maka Indomie biyu da ƙwai. Ke kuma 'yar uwa, kina kicin kina kankare ƙanzon tukunya. Da gari ya waye sai nadama da zargin kai.

Lissafin wannan zama ɗaya ba ƙarami ba ne. Ƙaramar ledar taliyar nan ta gram 70 tana da kalori wajen 300. Biyu sun zama 600. Ƙwai biyu sun ƙara kusan 150, cokalin cin abinci ɗaya na man suya 120, ga shayi mai madara da suga. Nan da nan an doshi kalori 1,000. Mai rage ƙiba kuwa yawanci kalori 500 ake ba shi shawarar ya rage a yini. Ka ga cin dare ɗaya ya shafe wahalar kwana biyu.

Abin da nake so ka ɗauka daga wannan rubutu shi ne: yunwar dare tun da rana ake shuka ta, a yadda ka ci abinci da yadda ka yi barci. Idan ka gane yadda take taruwa, za ka iya tare ta tun kafin ta iso.

Masu kunna yunwa da masu kashe ta

Akwai sinadarai masu kai saƙo a cikin jini, waɗanda ake kira homon. Biyu daga cikinsu su ne kan gaba a wannan magana.

Na farko shi ne girelin. Tumbi ne ya fi samar da shi, kuma masu bincike a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka gano shi a 1999. Yana hawa kafin a ci abinci, ya sauka bayan an ci. Saƙonsa ga ƙwaƙwalwa guda ne: a nemo abinci.

Na biyu shi ne leftin, wanda ɗakin binciken Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano a 1994. Kitsen jiki ne ke samar da shi, yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke rumbu. Idan kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya shigo.

Wannan ne ya sa mai rage ƙiba ya fi kowa jin yunwa. A 2011 aka wallafa wani bincike daga birnin Malbon na Ostareliya, wanda aka fara da mutum 50 masu ƙiba. Sun yi mako 10 suna cin abinci kaɗan ƙwarai, suka rage kimanin kilo 13 kowannensu a matsakaicin lissafi. Bayan shekara guda da aka sake auna su, girelin ɗinsu yana sama da yadda yake kafin su fara, yunwar da suke ji ma haka. Jiki bai san kana son shiga tsohuwar kaftaninka ba. Shi dai ya ga ajiya ta ragu, yana neman ya cike gurbi.

Agogon jiki ya fi kiran abinci da dare

Da hankali za a bi, da safe ya kamata yunwa ta fi tsanani, tunda an kwana ba a ci komai ba. Amma mutane da yawa ba sa marmarin abinci da sassafe. Dalilin shi ne agogon da ke cikin jiki, mai zagaye ɗaya a kimanin awa 24.

Frank Scheer da abokan aikinsa a birnin Boston sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2013. Sun ajiye mutum 12 masu lafiya a ɗakin bincike mai dusasshen haske har kwana 13, suka riƙa juya musu lokutan ci da barci, don a raba tasirin agogon jiki da tasirin sabo. Sakamakon ya nuna yunwa tana ƙasa wajen ƙarfe 8 na safe, tana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 8 na dare a agogon jikin. Marmarin kayan zaƙi, da masu gishiri, da masu sitaci shi ma da dare ya fi ƙarfi.

To idan bayan isha'i ka ji tsire da gurasa suna kiranka, halitta ce. Sai dai ƙarfin kiran ya danganta da abubuwa biyu da ke hannunka.

Bashin rana, da dare ake biyan sa

Abu na farko shi ne yadda ka raba abincinka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a matse ciki tun safe har yamma, a zaci an ci riba. Sai yunwar da aka tara ta haɗu da ta agogon jiki, a daidai lokacin da ka gaji kuma ba aikin da zai ɗauke maka hankali.

A Jami'ar Abadin da ke Sukotland, ƙungiyar Alexandra Johnstone ta gwada mutum 30 masu son rage ƙiba, aka wallafa sakamakon a 2022. An ba su kalori iri ɗaya a tsari biyu, kowane tsari na mako 4. A ɗaya, kashi 45 cikin ɗari na abincin yini da safe ake ci, kashi 20 da dare. A ɗayan aka juya. Nauyin da suka rage kusan ɗaya ne a duka biyun, ɗan sama da kilo 3. Bambancin da aka samu a yunwa yake: lokacin da suke cin babban karin kumallo, sun fi jin ƙoshi a tsawon yini. Wanda ba ya fama da yunwa kuwa ya fi iya ɗorewa a kan tsarinsa. Dama da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Irin abincin ma yana da tasiri. Furotin, kamar na ƙwai, wake, kifi, nama, awara da kindirmo, ya fi sitaci zalla riƙe ciki. Haka abinci mai harza, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, irin wanda ke cikin ganye, wake da hatsin da ba a surfe ba. Farin burodi da lemon kwalba kuwa ba sa daɗewa. Kwalbar lemo mai zaƙi ta rabin lita tana da kalori wajen 200 idan irin mai cikakken suga ce, amma ba za ta hana ka neman abinci ba.

Ƙarancin barci yunwa yake haifarwa

Abu na biyu shi ne barci. A Jami'ar Shikago, Karine Spiegel da Eve Van Cauter da abokan aikinsu sun sa samari 12 suka yi dare biyu da awa 4 kacal a gado, a wani karon kuma dare biyu da awa 10. Sakamakon da aka wallafa a 2004 ya nuna bayan gajeren barcin leftin ya sauka da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya hau da kashi 28, yunwa ta ƙaru da kashi 24, musamman ta abinci mai zaƙi da mai sitaci.

A 2022 Esra Tasali, ita ma daga Shikago, ta duba ɗaya gefen. Ta ɗauki mutum 80 masu nauyi fiye da kima da ke barcin ƙasa da awa 6 da rabi. Rabinsu aka ba su shawarwarin gyara barci kawai, ba a ce su rage ci ba. Barcinsu ya ƙaru da ɗan sama da awa ɗaya, abin da suke ci kuma ya ragu da kimanin kalori 270 a yini idan aka kwatanta da sauran.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi: wanda ya ci tuwo ƙarfe 7 ya zauna kallon waya har ƙarfe 1, awa shida ke nan. Ko da rana ce, wannan tazarar ta isa ta kawo yunwa.

Shin cin dare da kansa ne ke sa ƙiba?

Jimillar abin da ka ci a yini ita ce babbar magana. Ayaba ba ta ƙara kalori don an ci ta ƙarfe goma na dare. Amma lokaci yana da ɗan nasa tasirin. A wani binciken Boston na 2022, an ba mutum 16 abinci iri ɗaya, sai dai a zagaye na biyu an jinkirta shi da kusan awa 4. Jinkirin ya ƙara musu yunwa, ya rage leftin, ya kuma rage abin da jikinsu ke ƙonawa da kimanin kalori 60 a yini. Sittin ba wani abu ba ne kusa da dubun mai shayi. Babbar illar cin dare ita ce ƙari ne a kan abincin yini, yawanci soyayye ko mai zaƙi, kuma ana cin sa ido na kan allo, ba a lura da yawansa.

Yunwa ce ko kwaɗayi?

Girelin yana koyon jadawali. Idan ka saba cin wani abu ƙarfe sha ɗaya, zai riƙa hawa a wannan lokacin. Masu azumi sun san wannan: kwanakin farko yunwa takan taso a lokacin da aka saba cin abincin rana, ta yi ƙarfi, sannan ta lafa ko da ba a ci komai ba. Yunwa tasowa take ta kwanta, ba hawa take yi ba iyaka.

Ga gwaji. Tambayi kanka: da za a miƙo min dafaffen wake ba mai, ko dafaffen ƙwai, zan ci? Idan eh, yunwa ce ta gaske. Idan kuwa sai balangu ko biskit kaɗai za su yi, to kwaɗayi ne, ko gajiya, ko damuwa, ko zaman kaɗaici.

Abin da za ka yi

Ka mayar da wani kaso na abincinka zuwa safe da rana. Ka sa furotin a karin kumallo: alale, ƙwai, ko ƙosai kaɗan tare da kokon.

Kada ka mayar da abincin dare abin tausayi. Ka rage tuwon, ka ƙara miyar ganye da kifi ko wake, a rage mai. Kwaɗon zogale ko na rama yana cika ciki, idan ba a zabga ƙuli-ƙuli da mai ba.

Ka bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. Ƙasa da haka yana tayar da ƙwannafi, fiye da haka sosai yana ba yunwa damar dawowa.

Idan ka san kana daɗewa ba ka kwanta ba, ka tanadi ɗan abin taɓawa tun da rana, na kalori 150 zuwa 200, ka sa shi cikin lissafin yini. Misali dafaffen ƙwai ɗaya da kokwamba, ko ƙaramin kofin kindirmo ba suga, ko gwanda, ko tafin hannu ɗaya na gyaɗa. Ka kula da gyaɗa: gram 100 ya haura kalori 550, don haka ɗiba za ka yi ka rufe kwalbar. Ka zuba a faranti, ka zauna, ka ajiye waya.

Idan kwaɗayi ya taso, sha ruwa ko shayin citta ba suga, ka ba shi minti 15 zuwa 20 kana wani abu dabam. Sau da yawa zai wuce. Goge baki bayan abincin dare shi ma alama ce ga kanka cewa an rufe kicin.

Abin da ba ya ɗakinka ba za ka ci shi tsakar dare ba. Kada ka ajiye cincin da biskit kusa da gado.

Ka tsare barcinka, awa 7 ko fiye. Sinadarin kafin da ke cikin kofi, baƙin shayi da goro yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka ka yi sallama da su tun la'asar.

Idan ka zame dare ɗaya, kada ka hukunta kanka da ƙin karyawa washegari. Wannan ne ke sake ɗaura zagayen daga farko.

Lokacin da ya kamata ka ga likita

Wata yunwar daren alama ce ta wani abu. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage suga, idan ya farka da yunwa, gumi da karkarwa, sugansa na iya zama ya faɗi. Wannan ba wurin juriya ba ne: ya sha abu mai zaƙi nan take, ya kuma sanar da likitansa. Zafin ciki da ke tayar da mutum tsakar dare ya lafa idan an ci abinci yana iya zama gyambon ciki. Akwai kuma lalurar cin dare, wadda likita Albert Stunkard da abokan aikinsa suka fara bayyanawa a 1955. Alamunta su ne cin kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na abincin yini bayan abincin dare, ko farkawa daga barci don a ci aƙalla sau biyu a mako. Ana samun taimako a kanta. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa buƙatarsu dabam ce, kada su matse ciki sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Ga sauranmu, ka gwada abu biyu kawai na mako ɗaya: karin kumallo mai furotin, da kwanciya awa ɗaya kafin lokacin da ka saba. Kowane dare ka rubuta ƙarfe nawa yunwar ta zo, da ƙarfinta daga 1 zuwa 10. Ranar bakwai ka duba takardar, za ta nuna maka inda ya kamata ka gyara gaba.