Ciyawa ta cinye hanya a Geza: Aikin wa ne sharewa, kuma ina kuɗin ke maƙalewa?

Daga watan Yuli zuwa ƙarshen damina, ciyawa ce ke mulki a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Bagudo. Gamba da tofa sukan rufe hanyoyin ƙafa, magudanai su cika da yashi, ruwa ya zaizaye gefen kwalbati har ya bar shi tsaye shi kaɗai. A gari irin Geza, da ke mazaɓar Matsinka/Geza, wuraren jama'a su ne bakin kasuwa, filin Idi, filin ƙwallon matasa, maƙabarta da hanyoyin da ke haɗa su. Idan suka zama daji, mai ɗauke da mace mai naƙuda a kan babur ne ke fara ɗanɗana kuɗa, sai ɗan makaranta da ke ratsa ciyawa da sassafe a yankin da ake fama da saran kububuwa.

Yawancin mutane sun ɗauki wannan a matsayin halin damina. Doka kuwa ta ba aikin mai shi. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai ginawa da kula da hanyoyi, tituna, fitilun titi, magudanan ruwa, lambunan shaƙatawa da filayen jama'a, haɗe da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara. Kundin ya ambaci ginawa, ya kuma ambaci kulawa a jimla guda. Rabin farko ne kawai 'yan siyasa suka haddace.

Tsofaffi na tuna zamanin En'e, lokacin da ake da leburorin hanya masu yawo da adda da shebur, da duba-gari da ake shakkar zuwansa. Ba zamanin aljanna ba ne, domin an yi aikin tilas, an kuma tatsi haraji da ƙarfi. Amma akwai mutumin da za a nuna a ce share wannan hanya aikinsa ne. Garambawul na 1976 ya kawo ƙananan hukumomi irin na yau, ya ba su kaso daga asusun tarayya. Sannu a hankali harajin kai da jangali suka kau, hukumomin suka koma zaman jiran abin da zai sauko daga Abuja duk wata.

Abin da ke saukowa ba ƙarami ba ne. A tsarin rabon da ake amfani da shi, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, adadin nairar da ake rabawa ya ƙaru sosai, ko da yake tsadar siminti da man dizal ta cinye wani ɓangare na ƙarin. To me ya sa ciyawa ba ta ji a jikinta ba?

Amsar farko tana cikin Sashe na 162 na kundin, wanda ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta. Shekara da shekaru kuɗin Bagudo, kamar na sauran ƙananan hukumomi 20 na Kebbi, a can suke fara sauka. Daga nan ake cire albashin malaman firamare, na ma'aikatan hukumar, fansho, kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda galibi a babban birnin jiha ake yanke shawararsu. Ragowar ce ke isa sakatariya. A 2019 hukumar bin diddigin hada-hadar kuɗi ta NFIU ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa, ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni kuwa suka garzaya kotu.

Amsa ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa, kuma ita ce ba a cika tattaunawa ba. Kasafin kuɗin gwamnati gida biyu ne: na ayyukan raya ƙasa da na yau da kullum. Na yau da kullum ya sake rabuwa zuwa albashi da kuɗin gudanarwa. Sare ciyawa, yashe magudana, cike ramin hanya da man motar gyaran hanya duk suna cikin kuɗin gudanarwa. Albashi ba ya taɓuwa, domin ƙungiyar NULGE da ta malamai za su tsayar da aiki. Sabon gini yana da ɗan kwangila, yana da allo mai ɗauke da hoton shugaba, yana da ranar yanka kirtani. Kuɗin gudanarwa ba shi da uwa a gindin murhu. Duk ranar da aljihu ya matse, shi ake fara yankewa, kuma babu wanda zai fito zanga-zanga saboda an fasa ɗaukar leburori goma. Ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, wanda Gwamna Nasir Idris ya ɗaga zuwa 75,000 a Kebbi, hakki ne na ma'aikata, sai dai daga tukunya ɗaya ake ɗebo shi da kuɗin adda da shebur.

Akwai kuma wata riba a cikin sakacin, wadda ya kamata a faɗa a fili. Magudanar da aka yashe da ɗan kuɗi kaɗan kafin saukar ruwa ba ta samar wa kowa kwangila. Wadda aka bari ta toshe har ruwa ya kwashe kwalbati takan dawo a kasafin baɗi da sunan sabon aiki na miliyoyi. Bagudo na bakin kogin Neja, tana cikin yankunan da ambaliyar 2020 ta yi wa ɓarna a gonakin shinkafa. A irin wannan ƙasa, kowace damina da aka tsallake ba gyara tana ninka kuɗin da za a biya daga baya.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar kan gwamnoni 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim, wanda ya karanta babban hukuncin, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma shugabannin riƙo da gwamna ya naɗa ba su da hurumin karɓar kuɗin. Jihohi suka yi rige-rigen zaɓe. Kebbi ta yi nata a ranar 31 ga Agustan 2024, jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 21 da na kansiloli 225. Aiwatar da biyan kai tsaye kuwa ya yi ta jan ƙafa, har bayan shekara guda NULGE na kukan cewa hukuncin na nan a takarda.

Ko da an aiwatar gobe, rabin matsalar aka warware. Hukuncin ya ce ina kuɗi za su sauka, bai tilasta wa shugaban ƙaramar hukuma ya ware wa kulawa ko sisi ba. Shugaban da ya samu kujera da yardar gidan gwamnati ba lallai ne ya ji tsoron mutanen Geza ba, ko da kuɗin a hannunsa suke.

A ƙetaren iyaka, ta Tsamiya zuwa Segbana, Jamhuriyar Benin ta bi wata hanya. A 2008 ta kafa asusun FADeC domin tura wa ƙananan hukumominta 77 kuɗi, ana binciken yadda suka kashe, ana kuma la'akari da ƙwazo wajen rabon wani ɓangare. A 2022 gwamnatin Patrice Talon ta karɓe sa hannun kashe kuɗi daga zaɓaɓɓun shugabanni, ta miƙa wa sakatarorin zartarwa da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'ar sa'a daga jerin ƙwararru. Masu suka na ganin an rage wa zaɓaɓɓu ƙarfi, kuma suna da hujja. Abin lura dai shi ne a can an ɗauki tambayar yadda ake kashe kuɗi da muhimmanci daidai da tambayar wanda ke riƙe su.

Matashin da ke son bibiyar lamarin yana da inda zai fara. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata, Bagudo na cikin jerin da sunanta. Mataki na gaba shi ne neman kasafin ƙaramar hukumar, a duba abin da aka ware wa sashen ayyuka a ƙarƙashin kuɗin gudanarwa, sa'annan a nemi adadin da aka saki a zahiri, domin tsakanin waɗannan lambobi biyu ne aikin ke ɓacewa. Kansilan Matsinka/Geza na cikin majalisar da ke amincewa da kasafin, don haka shi ne ƙofar farko. Idan an ƙi bayarwa, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a Afrilun 2025 cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Ana rubuta buƙatar a takarda, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, kuma dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.