Kafanchan: Dukiyar Tarihi Da Ke Jiran Masu Jari

Mararaban Rido, Jihar Kaduna – Manyan motocin da ke ratsa wannan mararraba ɗauke da citta da sauran amfanin gona daga Kachia da Zonkwa suna yin aikin da jirgin ƙasa ya saba yi ne a da. Hanyar tana kaiwa har Kafanchan, garin da reluwe ta raya, kuma mutuwar harkar jirgin ta bar shi da gine-ginen tarihi waɗanda har yanzu ba a mai da su abin samun kuɗi ba.

A shekarar 1927 ne Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya haura Jos. Ta nan kuzar da ake haƙowa a Filato take bi zuwa bakin teku, kwal ɗin Inugu kuma ya yiwo arewa. Albashin ma'aikatan tasha da na loko shi ya jawo 'yan kasuwa, Ibo da Yarbawa da Hausawa, suka zauna a ƙasar Fantswam. Ganin inda ciniki ya koma, a 1933 aka mai da hedkwatar masarautar Jama'a cikin garin. Daga baya Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta ajiye ofishin shiyyarta ta Arewa ta Tsakiya a nan.

Tashar da gidajen ma'aikata su ne tsohuwar unguwar Kafanchan ta ainihi, kuma su suka fi jin jiki. Gini idan babu mai biyan kuɗin gyaransa, damina kaɗan ta ishe shi, balle a yankin da ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, sai dai sashen Fatakwal zuwa Aba ne aka buɗe a 2024, nesa ƙwarai da Kafanchan.

Majami'u sun fi samun kulawa, domin suna da jama'ar da ke ɗaukar nauyinsu. Cocin St. Peter Claver ita ce babbar majami'ar Katolika ta yankin, wadda ta sami bishop nata a 1995, wato marigayi Joseph Bagobiri. A Kagoro kuma akwai makarantar horar da limaman ECWA, gadon 'yan mishan na SIM, a gindin dutsen da ake bikin Afan kowace ranar ɗaya ga Janairu. Kusa da nan ruwan Matsirga yake zubowa daga kan dutse, can wajen Kwoi kuma ga ƙauyen Nok, wanda mutum-mutumin yumɓunsa na shekaru fiye da dubu biyu suka kai sunansa gidajen tarihin duniya. Duk waɗannan ana iya zaga su cikin kwana biyu, amma mai masauki da mai motar haya ba su cika ganin baƙo ba sai lokacin biki.

Birnin Savannah na Amurka, wanda aka kafa a 1733, ya taɓa shiga irin wannan hali. A 1954 aka rushe tsohuwar kasuwar birnin aka gina wurin ajiye motoci. Takaicin haka ya sa mata bakwai suka haɗa kuɗi a 1955 suka sayi wani tsohon gida da ake shirin rushewa. Ƙungiyar da suka kafa ta ɓullo da asusu mai juyawa: a sayi gini, a sayar wa wanda ya sa hannu cewa zai gyara shi bisa fasalinsa na asali, kuɗin su koma sayen wani. Yau dandali 22 na birnin da tsofaffin majami'unsa su ne jarin da ke kawo masa baƙi. Wurin ajiye motocin ma an rushe shi, aka mayar da dandalin a 2010.

Dabarar ba ta buƙatar kuɗi masu yawa, amma a Kafanchan akwai ƙulli biyu. Filaye da gidajen reluwe mallakar Tarayya ne, don haka jiha ko 'yan gari ba su da ikon sayarwa ko ba da haya mai tsawo sai da yardar hukumar jiragen. Na biyu ya fi wuya: rikicin 1987 da na bayan zaɓen 2011, wanda aka ƙone babbar kasuwa a cikinsa, sun raba unguwanni bisa addini, ga kuma fargabar masu garkuwa da mutane a hanyar Kachia. Mai jari yakan fara tambayar lafiyar hanya kafin kyan gini.

Annobar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta nuna haɗarin dogara ga kaya guda. Mataki mafi araha shi ne Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da gwamnatin jiha su ƙidaya gine-ginen tashar, su tantance waɗanda za su gyaru kafin wata daminar.