Zango, Garin da Ya Riƙe Sarautar Daura

Zango garin manoma ne a gabas da birnin Daura, kusa da iyakar ƙasar Nijar. Ba babban birni ba ne, amma labarinsa ya kamata kowa ya sani. Mun san zango shi ne wurin da fatake kan sauke kaya su huta, kana su wuce. To, sarakunan Daura ma a nan suka yada zango.

Ga yadda aka yi. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wajen shekara ta 1805, Malam Isiyaku ya zo da tuta ya ci Daura. Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, suka yi ta sauya mazauni. Daga baya gidan ya rabu biyu. Waɗansu suka zauna a Baure, waɗansu kuwa suka kafa sarautarsu a Zango wajen 1825. Ƙasa ɗaya ta koma mai sarakuna uku: na birni, na Zango, da na Baure.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Ga Kano a kudu, ga Damagaram a arewa, dukansu sun fi Zango ƙarfi. Sai ta bi Damagaram don ta tsira. Haka aka zauna shekara wajen 80. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba a daɗe ba suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi Daura. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi, ya yi sarauta daga 1911 har 1966.

To, jama'a, mu tambayi kanmu: wa ya ciyar da sarki da dakarunsa duk tsawon wannan zama? Manomi ne da fartanyarsa. Doki ba ya zuwa yaƙi sai ya ci dawa. Da rumbuna sun bushe, da garin ya watse, sarautar ta bi shi.

Ƙasar Zango jigawa ce, daminarta kuwa gajera. Gero da wake da gyaɗa su suka fi karɓarta. Irin wannan ƙasa tana saurin gajiya. Mutanen da sun gane haka, shi ya sa sukan kai taki gona da rani, su kuma bar gawo a tsaye. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki.

Farin 1973 ya nuna mana abin da kan sami wanda bai yi tanadi ba. Saboda haka kada mu sare gawo, kada mu ƙyale taki ya lalace a gida, kada kuma mu sayar da hatsinmu duka da kaka. Gonar da ta riƙe kakanninmu, wajibi ne mu miƙa ta ga 'ya'yanmu da ƙarfinta.